Darasin yankan katako mai fumfuna: wane takunkumi ke tare ƙurar?

A Damagaram ba mu saba danganta katako da fumfuna ba, domin rana da iska suna busar da kusan komai. Amma katakon da ake lodowa daga kudu ta hanyar Kano, a lulluɓe da tamfol, yakan iso da danshi a jikinsa. Haka ma gungumen darbejiya ko na mangwaro da aka yasar a ƙasa ya sha ruwan Agusta. Muddin ruwan da ke cikin itace ya haura kashi 20 cikin 100, fumfuna na iya kama shi. Ana gane ta da baƙin zane a cikin katakon, da tabo shuɗi ko kore, da farin gari a ƙarƙashin ɓawo, da warin ɗakin da ya daɗe a rufe. Ko itacen ya bushe daga baya, ƙwayoyin suna nan, zarto ne ma zai tayar da su.

Abin da aikin nan ke fara koya wa mutum shi ne, "ai a fili nake" ba kariya ba ce. Hancin mai yanka bai fi kamu biyu daga bakin zarto ba. Dussar da ido ke gani tana zubewa ƙasa, ita kuwa ƙwayar fumfuna irin Aspergillus girmanta mikron 2 zuwa 3 ne (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), silin gashi ya ninka ta sau ashirin ko fiye. Ita ce ke wuce hanci da maƙogwaro ta sauka can ƙasan huhu. Rawani ko ƙyallen da muke naɗawa a hunturu, a wurinta tamkar rariya ne aka tara wa hayaƙi. Takunkumin asibiti mai shuɗin nan ma gefensa a buɗe yake.

Sai a duba rubutun da ke jikin takunkumi kafin a biya kuɗi. A ma'aunin Turai, wato EN 149, FFP1 yana tace kashi 80 cikin 100, FFP2 kashi 94, FFP3 kashi 99. N95 na Amurka ajinsu ɗaya da FFP2 kusan. A ganina, ga itace mai fumfuna FFP2 shi ne mafi ƙaranci, kuma na ɗan gajeren aiki ne. Wanda zai yini a bakin inji ya nemi FFP3, ko mafi kyau, takunkumin roba mai rufe hanci da baki wanda ake ɗaura wa filta biyu na P3, masu farar alama, masu tace kashi 99.95. Kada a ruɗe da filta mai alamar ruwan ƙasa da harafin A: ta tururin fenti da banish ce, ita kaɗai ba ta tare ƙura. Kuma babu ɗaya cikinsu da ke tare gubar hayaƙin injin mai shan fetur, don haka kada a tayar da shi a cikin rumfa rufaffiya. Takunkuman jabu sun cika kasuwa; na gaske mai bin ma'aunin Turai yana ɗauke da alamar CE da lambobi huɗu a gefenta.

Inda aka fi yin asara shi ne zaman takunkumin a fuska. Iska takan bi inda ya fi mata sauƙi, ƙofa kamar ta shigar tsinke a gefen hanci ta isa ta ɓata filta mai tsada. Mai igiya biyu da ke zagaya ƙeya ya fi mai rataya a kunne kamewa. A matse ƙarfen kan hanci da yatsun hannu biyu, ba da ɗaya ba, don kada ya yi tsini. Ga na roba, a toshe filtocin da tafin hannu, a ja numfashi a hankali, a riƙe daƙiƙa 10. In ya lotsa ya manne, ya zauna. In an ji sanyin iska a kumatu, a sake ɗaurawa.

Maganar gemu ba ta ɓoyuwa, domin yawancin masu sana'ar nan suna da shi. Gashin da ya shiga tsakanin roba da fata yana buɗe hanya, ko na kwana biyu ne. Mai cikakken gemu abin da ya dace da shi hular nan ce mai ƙaramar fanka da batir, mai turo tatacciyar iska, sai dai tana da tsada. In ba ta samu ba, ya fi alheri a ba shi aikin awo da jera katako ta ɓangaren da iska ke fitowa, wani ya riƙe zarto.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yakan sa mutum ya sauke takunkumi zuwa haɓa. Mai ɗan murfin fitar da numfashi yana rage wannan wahala, a kuma yi yankan da sassafe. A yayyafa wa itacen ruwa kafin a fara, a tsaya iska na bugun baya ko gefe, a jiƙa dussa kafin a share ta. Takunkumi mai alamar NR na yini ɗaya ne. In ya jiƙe da gumi ko numfashi ya fara nauyi, a jefar. Na roba a cire filtocin, a wanke shi da sabulu, ya bushe a inuwa, a ajiye a leda, ba a kan ƙusar shago ba.

Cutar da fumfuna ke jawowa takan taso awa 4 zuwa 8 bayan an tashi aiki: zazzaɓi, rawar ɗari, busasshen tari, nauyin ƙirji. A nan kowa zai ce cizon sauro ne. In ciwon yana dawowa duk ranar da aka yanka irin wannan katako, yana kuma lafawa ranar hutu, a gaya wa likita sana'ar da ake yi, domin maimaituwarsa na iya barin tabo a huhu. Mai asma da wanda ya taɓa yin tarin fuka su nisanci wannan yanka gaba ɗaya, don Aspergillus na iya zama a cikin ramukan da tarin ya bari.