Takardar da na cusa a aljihu

Ranar Juma'a ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni a Gusau, ya zauna kan tabarma yana latsa waya, ya ce an kusa sa rana. 'Yar ƙanena zai aura, tuwona maina. Na tambaye shi ko sun yi gwajin jini. Ya ce, "Kawu, ai mun yi, ni O, ita ma O." Na ce ba rukunin jini nake nufi ba, jinotayif, wanda ke nuna ko mutum yana ɗauke da gadon sikila, AA ko AS. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kawu, Allah ke tsarewa." Sai da gabana ya faɗi, don da bakin nan nawa na taɓa faɗa wa likita haka.

Ni ma 'yar gida na aura, daga Ƙauran Namoda. A lokacin ba wanda ke zancen gwaji, don haka nan ban ɗauki laifi ba. 'Yarmu ta fari ba ta shekara ba hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, kuka dare da rana. Muka yi rubutu, muka yi hayaƙi, kafin asibiti su ce sikila ce, SS. Likitan ya zana mini a takarda: S ɗaya daga wurina, ɗaya daga uwarta. Ya ce ƙwayar jinin mai lafiya tana kwana 120, tata kuwa 10 zuwa 20 ta lalace, shi ya sa kullum sai ƙarin jini. Sannan ya ce in kawo 'yan'uwana a gwada su, tunda abin da nake ɗauke da shi gado ne daga Baba ko Inna.

Na ninke takardar na cusa a aljihu. Inna ta riƙa cewa ciwon daga dangin uwar matata ne, ina ji na yi shiru, matar nan ta haɗiye. To amma ku gaya mini, wa ke iya tsayawa gaban mahaifinsa ya ce abin a jininku yake? Ga ƙannena mata ba su yi aure ba, ina tsoron manema su watse. Kare su na yi. Haka dai nake gaya wa kaina in barci ya ƙi zuwa. Alhali AS ba ciwo ba ne, kusan 1 cikin 4 na 'yan Najeriya haka suke, har ma yana rage musu tsananin zazzaɓin cizon sauro.

Wauta ta biyu ta lissafi ce. An ce AS da AS, 1 cikin 4 ne SS, sai na ɗauka mun biya namu, ukun da ke tafe lafiya lau. Ashe kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Na ukunmu ma SS ya zo. Duk hunturu muna kwana a zaune muna gasa masa ƙashi da tsumma mai ɗumi.

Ƙanena kuwa, da na ɓoye masa, ya yi aurensa cikin dangi. Ɗansa na fari, shi ma mai sikila, muka kai makwanci bai shiga makaranta ba. Bai taɓa ce mini uffan ba, ya fi mini ciwo da zagi. Ƙanwar wannan yaron ce amaryar da ake magana, kuma duk wanda iyayensa biyu AS ne, in shi ba SS ba ne, 2 cikin 3 AS ne.

Na shirya nasiha mai tsawo, amma yaran yanzu in ka wuce minti biyu ido ya koma TikTok. Ku yi gwajin tun kafin a kai gaisuwa, ku maimaita a wani wurin daban, don ana samun kuskure. In an haifi mai sikila a gidanku, kowa ya je, har 'ya'yan baffa da na gwaggo. In ku biyun AS ne, ku haƙura da auren. Ko da yake ni da an ce in rabu da tawa da ban yarda ba, kuma 'ya'yan nan biyu ba zan musanya su da kowa ba. Duk da haka ku haƙura. Kuna da kuɗin hoton kafin biki da kaya iri uku, kuɗin gwaji ne ya gagare ku?

Na ƙirga masa kuɗin na su biyu, ya karɓa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu." Bayan isha'i na kira uwarsa. Ita ma har yau ba ta san nata ba.