Na kai yara Yankari a tsakiyar damina

Tun da na yi wa 'yata alkawarin za ta ga giwa da idonta, ba ta bar ni na sarara ba. Ana ba su hutu a watan Agusta, na kwashe iyali sai gandun namun daji na Yankari a Bauchi. Muka karya kwana a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Ban tsaya tambayar kowa wane lokaci ya fi dacewa ba, kuma wannan ne ke ci mini rai har yau.

Sau uku muna fita zagaye a motar daji, sau ukun ina biya. Ciyawa ta fi ni tsawo, ta tsaya hagu da dama kamar katanga. Gwambaza biyu muka hango, sai wani gadu da ya gitta hanya da jelarsa a tsaye. A fita ta uku direba ya taka birki ya nuna mana kashin giwa, ɗanye, ƙudaje na bi. Yarinyar ta leƙa ta ce, "Baba, to ina ita giwar?" Na rasa bakin magana.

Ma'aikacin da ke mana jagora ya ce, "Alhaji, ai da damina ruwa ko'ina akwai, dabba ba ta da dalilin saukowa kogin Gaji. Da Maris ko Afrilu ka zo, lokacin da tafkuna suka ƙafe, a bakin Gaji za su iske ka." Daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, ni kuwa na zo daidai lokacin da giwaye suka bazu a cikinsa.

Ruwan Wikki ne ya ɗan wanke mana takaici. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Ku dai riƙa rufe ƙofar ɗaki, domin wani gwaggon biri ya shigo ya sure mana burodi da leda a gaban uwargida.

Kuɗin mai, kuɗin ɗaki, kwana biyu, duk don na ƙi yin tambaya guda. Mun tsayar da komawa a Maris. Tun a mota yarinyar ta fara ƙirga watanni da yatsu.