Koyar da Kalmomin Makaranta na Turanci Masu Kama da Juna

Na daɗe ina koyar da Turanci da yamma ga matasan da suka gama sakandare suke neman gurbin karatu a ƙasashen waje, kuma na lura cewa kalmomin da suka fi yi musu tarko su ne waɗanda suke ganin sun san su tun suna firamare. A wurinmu mai koyarwa malami ne ko a ina yake, amma Bature yana kiran na firamare da sakandare "teacher", na jami'a kuma "lecturer", haka nan a Ingila "pupil" ya fi dacewa da ƙaramin yaro, "student" kuma da wanda ya tasa.

Waɗannan suna zama a kai da wuri. Inda muke daɗewa shi ne kalmar da ma'anarta take sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda aka kafa a Katsina a 1921, sakandare ce, alhali idan Ba'amurke ya ce yana "college" yawanci karatun digirin farko yake nufi. "Public school" a Amurka makarantar gwamnati ce, amma a Ingila sunan tsofaffin makarantun kuɗi ne masu tsada irin su Eton, wadda aka kafa a 1440.

Saboda haka na sa kowa ya tanadi littafi na musamman, kuma na hana rubuta kalma ita kaɗai: dole ne ta zo cikin cikakkiyar jimla da aka ciro daga takardar neman gurbi ko shafin wata jami'a, a gefe kuma a rubuta ƙasar da aka samo ta. Ta wannan hanya ɗaliban suka gano da kansu cewa makaranta ce take "offer" ɗin darasi, ɗalibi kuma "take" yake yi, cewa jarrabawar da muke "write" ana "sit" ɗinta a Ingila, kuma bitar da ake kira "revise" a can "review" ce a Amurka.

Ban taɓa yarda a ce Turancinmu na Nijeriya kuskure ne ba, domin a gida kowa yana fahimtarsa, kuma yana biyan bukata. Sai dai yarinyar da ta rubuta wa wata jami'ar Amurka cewa ta "passed out" daga sakandare, sai da muka mayar da shi "graduated" kafin ta aika, domin mai karantawa a can zai ɗauka suma ta yi.