Fiffiken Starship Ya Ci Wuta, Amma Bai Saki Ba

Alhamis, 6 ga Yuni, 2024

Yau kumbon Starship na kamfanin SpaceX ya ratso iskar duniya ya sauka a teku bai tarwatse ba, kuma na kalli abin kai tsaye a wayata. An harba shi ƙarfe 7:50 na safe a Boca Chica da ke kudancin jihar Teksas, wato 1:50 na rana a agogonmu. Darasina na ƙarshe ya ƙare da wuri, don haka na yi Azahar, na sayi data, na wuce shagon waldar Kawu, domin ina son mutumin da ya san halin ƙarfe ya gani tare da ni.

Tashin kansa bai tsayar mini da numfashi ba. Cikin injina 33 na ɓangaren ƙasa ɗaya ya mutu tun farko, sauran 32 suka ɗaga roka mai tsayin kusan mita 120 ba tangarɗa. Bayan minti bakwai da 'yan kai, wannan ɓangaren ya juyo ya sauka a hankali kan ruwan Tekun Meziko. An yi ta sowa, kuma ya cancanta. Ni dai hankalina yana kan na saman, saboda abin da ya faru ranar 14 ga Maris: a gwaji na uku kumbon ya shigo iska yana mirginawa, ya kasa daidaita kansa, aka daina jin ɗuriyarsa yana nisan kilomita 65 daga ƙasa.

Muna jira Kawu ya ajiye gilashin waldarsa ya ce, "Wai kai malam, me zai ƙona shi alhali ya kashe injinansa?"

Na ce, "Kawu, gudun da ya ɗebo ne zai ƙona shi." Na ɗauki alli na yi lissafin a jikin ƙofar da yake haɗawa. Kumbon yana gudun sama da kilomita 26,000 a sa'a, fiye da kilomita bakwai a daƙiƙa guda. A irin wannan gudu, kowane kilo ɗaya na jikinsa yana ɗauke da kuzarin da zai iya narkar da kilo 20 na ƙarfe. Kafin ya taɓa ruwa dole duk wannan kuzari ya fita, kuma ba shi da birki sai iska. Yawancin mutane sun ɗauka gogayya da iska ce ke kawo zafin. Mafi yawansa daga matsewa yake: iskar da ke gabansa ba ta samun damar kaucewa, sai ta dunƙule ta yi zafi, kamar yadda kan injin mai faci ke ɗaukar zafi in yana cusa iska a taya. Tun farkon shekarun 1950 wani injiniyan Amurka, H. Julian Allen, ya nuna cewa abu mai faɗin gaba ya fi mai tsini tsira, domin yana ture iskar mai zafi nesa da jikinsa, akasarin zafin ya tafi da ita. Shi ya sa Starship ke shigowa da ciki, ba da hanci ba. Wannan cikin kuwa an lulluɓe shi da baƙaƙen tayil kusan 18,000, kowane mai kusurwa shida, don kada iskar ta samu miƙaƙƙen layi ta bi da gudu. Zafin da suke tarewa yana kaiwa digiri 1,400 na ma'aunin Salsiyos.

Wajen ƙarfe uku saura ashirin da biyar hoton ya fara canza launi. Wani haske ruwan hoda ya taso a gefen kumbon, ya rikiɗe shunayya, yana malala a kan fiffike. Filasma ke nan, iskar da zafi ya yayyaga ta har ta fara ɗaukar lantarki. Ita ce ke toshe rediyo. 'Yan sama jannatin Apollo, shirin Amurka na zuwa duniyar wata, sukan yi kamar minti uku ba a ji su in suna dawowa, mutanen ƙasa na zaune cikin zullumi. Yau kuwa kumbon yana aika hotonsa sama ne zuwa taurarin ɗan'adam na Starlink, ta bayansa inda filasmar ba ta rufe ba, sai ga mu a bakin titi muna kallon abin da a da ba mai ganinsa sai wanda ke ciki. Yaran shago biyu suka bar aiki suka tsaya a kanmu.

Ya daɗe a wajen kilomita 68 yana rage gudu, sannan ya gota inda na Maris ya ɓace. Har na fara sakin jiki. Sai muka ga wuta ta huda gindin ɗaya daga cikin fukafukan gaba. Tayil suna ɓallewa, ƙarfen yana yin ja, yana zuba kamar tartsatsi. Narkakken abu ya fantsama a idon kyamara, gilashin ya tsage, hoton ya dushe.

Kawu ya matso da fuskarsa ya ce, "A mahaɗa ya ci. Duk abin da aka taɓa kawo mini gyara, a mahaɗa ya karye."

Gaskiyarsa. Jikin kumbon ana iya rufe shi ruf. Fiffike kuwa dole ya motsa, domin fukafukan nan huɗu su ke riƙe da shi a kan cikinsa, kuma duk abin da zai motsa sai an bar masa 'yar tazara. Ta nan iskar mai zafi ta kutsa ta shiga bayan tayil. A lokacin Columbia, ɗaya daga cikin jiragen Space Shuttle na Amurka masu zuwa sararin samaniya su dawo, ita ce ta faɗo mini a rai. Ranar 1 ga Fabrairu, 2003, wani rami da ɓallin soso ya yi a gaban fiffikenta na hagu tun wajen tashi ya ba iska mai zafi hanya, ta cinye fiffiken daga ciki, kumbon ya wargaje a sararin wannan jiha ta Teksas da mutum bakwai a ciki. Na yau ba kowa a cikinsa, amma duk da haka sai da gabana ya faɗi.

Fiffiken bai saki ba. Ta cikin tsagaggen gilashin muna hangen ragowarsa tana motsi, tana bin umarnin kwamfuta. Lambobin gudu suka ci gaba da sauka. Kusan sa'a ɗaya da minti shida bayan tashi, kumbon ya kunna injinansa, ya miƙe tsaye, ya sauka a Tekun Indiya. Kawu ya ce, "Ikon Allah! Wane irin ƙarfe ne wannan?" Na gaya masa irin wanda ba ya tsatsa ne. Ya gyaɗa kai ya ce da gorar ruwa ce, wato alminiyam, da tuni ta zama ruwa. Jikin Columbia kuwa gorar ruwa ne.

Da yamma na ga ana ta yaɗa cewa an gama da matsalar dawowa. Ban yarda ba, kuma ba don raina aikin ba. Dawowa sau ɗaya an iya ta tun zamanin Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya. Garkuwar Apollo ƙonewa take a hankali tana tafiya da zafin, in an sauka an gama da ita. Abin da SpaceX ta yi alkawari daban ne: kumbon da zai sauka, a zuba masa mai, ya sake tashi ba da daɗewa ba. Jiragen Space Shuttle sun yi tafiya 135 daga 1981 zuwa 2011, kuma bayan kowace tafiya sai ma'aikata sun bi tayil ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, shirin sake tashi ya ɗauki watanni. Kumbon yau, da a doron ƙasa ya sauka, ba mai sake hawa da shi da wannan fiffiken. Shi kansa Elon Musk, mai kamfanin SpaceX, ya faɗa a X cewa an rasa tayil da yawa. An daɗe ana maganar matsar da fukafukan gaba zuwa gadon bayan kumbon, inda zafin bai kai ba, kuma bayan abin da muka gani yau ina ganin gyaran ya zama tilas. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ma tana jira, tunda tun 2021 ta zaɓi wani samfurin Starship ya sauke mutanenta a duniyar wata.

Bayan Isha'i na zauna na sauya darasin gobe. 'Yan aji biyar za su lissafa kuzarin kilo ɗaya a gudun kilomita bakwai a daƙiƙa, su kwatanta da na mota mai gudun 100 a sa'a, sannan in nuna musu bidiyon fiffiken. Kawu ya ce in na gama in turo masa shi ta WhatsApp, yana son ya sake duba inda wutar ta fara shiga.