Ranar da mai maki 100 ya faɗi, mai 9 ya ci A

Har yanzu idan na tuna yammacin nan sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Kuma aikin ba wani babba ba ne. Malam ya ce kowa ya rubuta ɗan shirin kwamfuta da yaren Python, a shigar masa da makin ɗalibi ya faɗi matakinsa: 70 zuwa sama A, 60 B, 50 C, 45 D, 40 E, abin da ya gaza haka F, kamar dai yadda ake yi a yawancin jami'o'inmu. Layi goma sha uku ne duka-duka.

A waya na rubuta nawa, cikin manhajar Pydroid 3, don kwamfutocin ajin ba sa isar mu. Ƙananan tuntuɓen da kowa ke yi na yi su na wuce: na manta ruwa biyu a ƙarshen layin if (mai gindaya sharaɗi), na buɗe baka ban rufe ba, wani layin ban tura shi ciki daidai da 'yan uwansa ba. Waɗannan ba sa cin lokaci, domin Python da kansa yake nuna maka wurin, musamman tun daga Python 3.10 na 2021 da ya fara faɗa ƙarara cewa ga bakan da aka bari a buɗe.

Sai wani jan rubutu, wato saƙon kuskure, ya fito wanda ban saba gani ba. Layinsa na ƙarshe ya ce TypeError: '>=' not supported between instances of 'str' and 'int'. Na gane rabinsa, wato abubuwa biyun da nake gwadawa ba jinsinsu ɗaya ba, ɗaya rubutu ne ɗaya lamba. Ban tsaya na tambayi kaina wanne ne rubutun ba, kuma ta ina ya zama rubutu. Dare ya yi, caji na ƙasa, ni dai burina jan nan ya ɓace. Sai na sa wa 70 alamar buɗe magana da rufewa, ya koma "70". Haka na bi su 60 da 50 har ƙasa. Jan ya ɓace.

Na gwada 75, A. Na gwada 62, B. Na sa 48 ya ba ni D, 30 ya ba ni F. Na kwanta raina fes.

Washegari Malam ya karɓi wayata a gaban aji. Bai ko duba abin da na rubuta ba, 100 kawai ya buga. F ta fito. Ya sake kunnawa ya buga 9, sai ga A. Ajin ya yi tsit. Ya miƙo min wayar ya ce, "Ka je ka gano da kanka. Kada ka goge ko layi ɗaya sai ka san dalilin goge shi."

Kwana biyu na yi ina neman ɓarawo a inda ba ya nan. Na juya jerin elif, wato sharuɗɗan da ke biye da if, daga ƙasa zuwa sama. Na sake buga komai daga farko, harafi bayan harafi, har da alamomin nan da na ƙara, don a raina su gyara ne, ba a taɓa su. Na zargi manhajar wayar, na ari kwamfutar wani abokina, amsa ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu jan rubutu ko ɗaya da zan bi. Shirin yana tafiya sumul, yana ba da amsar ƙarya, kuma ni da hannuna na toshe bakin da ya so ya gaya min gaskiya.

A dare na biyu, bayan isha'i, na ƙara layi guda ƙarƙashin inda ake karɓar maki, don ya nuna min jinsin makin: print(type(maki)). Ya rubuto <class 'str'>. Na daɗe ina kallonsa. Ashe a Python 3 duk abin da input(), umarnin da ke karɓar abin da ka buga, ya karɓo rubutu ne, ko da lambobi ka buga. Ni kuwa da wani tsohon bidiyo na fara koyo, na zamanin Python 2, inda input() kan ɗauki 70 a matsayin lamba kai tsaye. An daina kula da Python 2 tun Janairun 2020, amma darussansa suna nan birjik a YouTube, kuma sabon shiga ba shi da yadda zai bambance.

Daga nan komai ya warware kamar an ja bakin zare. Idan rubutu biyu ka ba Python ya gwada, ba ƙirga yake yi ba, jerawa yake yi irin ta ƙamus, harafin farko da harafin farko. Tsakanin "100" da "70", 1 yake dubawa da 7. Kowane harafi da lambarsa a cikin kwamfuta, ta 1 ita ce 49, ta 7 kuma 55, don haka ya yanke hukunci nan take ba tare da ya kalli sifili biyun ba. Haka 100 ya gangaro yana shan kaye a hannun 6 da 5 da 4 har ya dira kan F. Shi kuma 9, lambarsa 57, ya haye 70 tun a matakin farko. Na gwada 7 don in tabbatar, B ya samu. Mai 5 ya tashi da D.

To me ya sa gwajina na farko ya yi daidai? Duk lambobin da na zaɓa masu gida biyu ne, kuma a nan jerin ƙamus da jerin lissafi ba sa saɓawa. Gwaji huɗu na yi, amma a gaskiya abu ɗaya na maimaita sau huɗu. Malam bai yi wani siddabaru ba, bakin iyaka kawai ya je, can sama da can ƙasa, inda ni ban leƙa ba.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Na cire alamomin nan duka, na naɗe input() cikin int(), mai mayar da rubutu lamba. Kwana biyu na ɓata kan haruffa uku da baka. Wannan ne har yau bai sake ni ba, domin saƙon farko ya riga ya faɗa min komai, str da int, ga su a rubuce. Hanya biyu ce a gabana, na ɗauki wadda ta fi kusa da barci.

Yanzu idan jan rubutu ya fito, daga layin ƙasa nake fara karantawa, sannan in haura in ga lambar layin da ya ambata. Idan ya ce jinsi bai dace ba, ba na taɓa komai sai na buga type na gani da idona. Kuma kafin in ce na gama, sai na sa 0, da 9, da 100, da 69 da 70 kusa da juna, sannan in danna ba tare da na rubuta komai ba in ga yadda zai yi.

Da na mayar wa Malam, ya buga 100, A ta fito. Ya gyaɗa kai, ya buga 67.5. Jan rubutu ya cika fuskar wayar, ValueError, don int() ba ya karɓar rubutu mai ɗigo. Wannan karon na karanta shi har ƙarshe a tsaye a gabansa, na sauya int zuwa float, mai karɓar lamba mai ɗigo, na miƙa masa. B ta fito.