Shafuka 43 da mataccen batir

Watan Afrilu ne a Sakkwato, lokacin da ko fanka ma iska mai zafi take hurowa. Ina ajin ƙarshe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina rubuta furojet kan noman albasa na rani a yankin Goronyo. Batirin laftof ɗina ya daɗe da mutuwa, sai a jone yake aiki. Mako uku ban rufe burauza ba. Shafuka 43 ne jere a sama, sun matsu har ba a ganin sunayensu, sai 'yan alamomi. Wannan muƙala ce da na karanta rabi, wancan taswirar madatsar ruwa, wani kuma na manta dalilin buɗe shi amma ina tsoron rufewa.

Bayan la'asar aka ɗauke wuta. Allon ya yi ɗif.

Da aka dawo da ita na kunna, na buɗe burauzata, Chrome. Wani ɗan akwati ya fito a sama ta dama mai maɓallin Restore, yana tambaya ko a maido shafukan. Hannuna ya riga idona, na rufe shi kamar yadda nake korar tallace-tallace. Sai ga fili fari fat. Gumin da ya keto mini a lokacin ba na zafin gari ba ne.

Na rungumi laftof zuwa wurin wani mai gyara a unguwarmu, dattijo mai haƙuri. Kafin ya karɓa ya ce, "Ka rufe ta ka sake buɗewa?" Na ce, "Sau ɗaya na buɗe, Malam." Ya ce, "To madalla. Kak ka taɓa komi." Ya jona, ya danna Ctrl da Shift da T tare. Tagar gaba ɗaya ta dawo, shafukan suna ta juyi ɗaya bayan ɗaya.

Tambayarsa ce ta fi tsaya mini a rai. Ashe burauza tana rubuta jerin shafukan da ke buɗe cikin wani fayil, amma ba ta tara na da can, zaman ƙarshe take riƙewa. Idan ruɗewa ta sa mutum ya yi ta buɗewa yana rufewa, sabon zama maras komai zai iya danne wanda yake nema. Ya ce a Firefox, wata burauzar daban, ana samun kwafin jerin cikin jakar sessionstore-backups, kuma mai hankali yakan kwafe ta gefe kafin ya gwada wata dabara. In duk ya faskara, sai Ctrl da H, tarihin shafukan da aka ziyarta, wanda Chrome ke ajiye na kwana 90. Sai dai tsintar shafi 43 a cikin dubbai aikin tsince tsakuwa a shinkafa ne.

Ba duka suka dawo ba. Akwai shafuka biyar da na buɗe a wata taga daban, tagar sirri (Incognito), don wani ya ce mini ta fi sauri. Ba ta fi ba, kuma an yi ta ne don kada ta tuna komai. A cikinsu akwai rahoto kan yadda albasa ke ruɓewa a rumbu, wanda na so in gina babi na biyu a kansa. Ban rubuta sunan marubucin ko'ina ba. Kwana huɗu na yi ina nema, ban same shi ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

A daren nan na saita burauza ta riƙa ci gaba daga inda na tsaya, na danna Ctrl da Shift da D na adana shafukan duka a jaka guda. Washegari na sayi littafi mai ganye 40, na soma kwafe sunan kowace muƙala da marubucinta da shekararta. Da na zo tantancewa, 16 kawai suka cancanci shiga littafin. Sauran na rufe su da hannuna.