Gwajin fitowar marowaci

Laraba, da dare.

Gwajin wasa ya ci mana yini yau, tun azahar har rana ta faɗi, kuma na dawo da magana cike da kaina, gara in rubuta kafin ta tsere. Ga wanda bai san inda aka kwana ba, ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta ɗora mini nauyin juya wani tsohon wasan Plautus, marubucin Roma da ya rasu a shekarar 184 kafin Miladiyya, ya koma abin da 'yan wasa 6 za su iya ɗauka a ƙaramin dandamali. Sunan wasan Aulularia. Wani tsoho ne ya tsinci tukunyar zinariya binne a gidansa, daga ranar barci ya ƙaurace wa idonsa. Duk wanda ya gaishe shi da fara'a, sai ya ce lallai zancen tukunyar ya fasu.

Ba mu ma soma ba, ana cikin jan kujeru, ƙaraminmu wanda ke fitowa a matsayin bawa ya matso kusa da ni da takardunsa a hannu. Ya ce, "Yaya, don Allah kada ranki ya ɓaci. Ke da Allah ya hore wa rubutu, me zai hana ki ƙago naki labarin? Wannan ai na wani ne kike gyarawa." Ba da raini ya faɗa ba, tsakaninsa da Allah yake tambaya, kuma na san da yawa haka suke kallon wannan sana'a, kamar wanda ya rasa abin faɗa ne ke komawa ga tsohon labari. Gajeriyar amsa na ba shi, don Malam, daraktanmu, ya riga ya tafa hannu. Doguwar ita ce zan ajiye a nan.

Shi kansa Plautus ba shi ya ƙagi labaransa ba. Wasannin Girkawa irin su Menander ya ɗauko, ya zuba musu waƙa da habaici da bayi masu ɗan karen wayo, har suka shiga kunnen mutanen Roma. Wanda ya biyo bayansa, Terence, ɗan Arewacin Afirka ne da aka kawo Roma a matsayin bawa, daga baya aka 'yanta shi. Wasanni 6 ya rubuta, dukkansu daga na Girkawa, kuma tun yana raye abokan sana'a suka riƙa sukarsa cewa yana cakuɗa wasa biyu ya mai da su ɗaya. A gabatarwar wasanninsa yake ba su amsa, yana cewa magabatansa ma haka suka yi. Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa shi ne wasansa Hecyra. A 165 kafin Miladiyya aka fara nuna shi, 'yan kallo suka ji labarin 'yan dambe da mai tafiya a kan igiya, hankalinsu ya koma can, wasa ya tashi. Aka sake gwadawa a 160, jita-jitar masu faɗa da takubba ta sake tarwatsa shi. Sai a karo na uku aka saurare shi har ƙarshe. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan labule yana jin kujeru na motsi ya san irin ƙarfin halin da ake bukata kafin a sake fito da wasa ɗaya sau uku. Shakespeare ma, The Comedy of Errors da aka nuna a 1594, daga wasan tagwaye na Plautus ya samo shi. Da ya ga tagwaye biyu sun rikita gari, sai ya ba su bayi su ma tagwaye, rikicin ya ninka.

To, mu koma ɗakin gwaji, don a can na ga abin da nake ta ƙoƙarin faɗa.

Fitowar da muka yi yau ita ce inda tsohon ya kama bawa yana shawagi kusa da maɓoyar tukunya, ya tsare shi da bincike. A wurin Plautus, bawan ya nuna hannun dama, ya nuna na hagu, sai tsohon ya ce a nuna masa na uku. Molière na Faransa, da ya juya wannan wasa ya zama L'Avare a 1668, bai yar da barkwancin ba, amma ya ɗan karkata shi: bayan an nuna hannaye biyu sai marowacinsa ya ce a nuna sauran. Gyaran ƙanƙane ne, amma na ɗauki lokaci ina juya shi. Na uku yana sa a yi wa tsohon dariya don ya zautu. Sauran kuwa yana nuna mutum ne da ya tabbata duniya kaf hannaye ce da ke miƙowa ga dukiyarsa. Ni a nawa rubutun na sa bawan ya gaji ya tuɓe takalmi ya ɗaga ƙafa da kansa, tun ba a tambaye shi ba.

Baba, dattijon da ke fitowa a matsayin marowacin, da farko ya shiga da zare ido da murguɗa baki, yana tsalle-tsalle. Mu da ke zaune gefe babu wanda ya ko murmusa. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, a yi haƙuri, a sake. Kada a nemi dariyarmu. Wannan tukunya ita ce abu ɗaya tak da ya taɓa sa tsohon nan ya ji shi ma mutum ne. A nemi tukunyar kawai." Baba ya yi shiru ɗan lokaci, ya gyara tsayuwa. Da ya sake shigowa, muryarsa ta yi ƙasa, tana rawa. Ya kama hannun yaron ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana leƙa tsakaninsu, har da duba ƙarƙashin farce. Da yaron ya ɗaga ƙafa, Baba bai yi komai na ban dariya ba, durƙusawa ya yi ya duba tafin ƙafar da iyakar gaskiyarsa. Nan ɗakin ya fashe. Mai kula da fitilu sai da ta dafa bango.

Na lura da wani abu kuma. Baba yana da ɗabi'ar shafa aljihun ƙirjinsa kafin ya yi magana, don ya tabbatar tabarau ɗinsa na nan. Tasa ce, ba ta wasa ba. Nan take na rubuta a gefen takarda cewa marowacin zai riƙa yin haka duk sanda aka ambaci kuɗi. Wannan dabara ma tsohuwa ce. Molière shi ya fito a matsayin marowacinsa, yana kuma fama da tari, sai ya rubuta tarin a cikin wasan har wata mai daɗin baki tana yaba masa yadda yake tari da kyau. Wani ɗan wasansa yana ɗingishi, ya sa aka ambaci ɗingishin. Mai juya tsohon labari ba takarda kaɗai yake kallo ba, yana kallon jikin mutanen da za su tsaya su faɗi maganar.

Kuma ba a dare ɗaya Molière ya koyi haka ba. Yana ɗan shekara 21 ya kafa ƙungiyar wasa a 1643, ta karye, aka kulle shi a kan bashi a 1645. Daga nan ya bar Paris ya yi ta yawon garuruwa da 'yan wasansa har shekara 13, sai a 1658 ya dawo ya yi wasa a gaban sarki. A wannan yawo ne kunnensa ya nuna. Ya san inda ake ɗan dakatawa a bar dariya ta gama sauka, ya san tsawon jimlar da ɗan wasa zai iya faɗa a numfashi ɗaya. Ya rasu a 1673, sa'o'i kaɗan bayan ya sauka daga dandamali. In na tuna wannan sai in ji zafi idan aka kira irin aikinsa kwafa.

Lokacin hutu na zauna da Malam muna lissafin wa zai ɗauki matsayi nawa, don mutanen labarin sun fi 'yan wasanmu yawa. Ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani, amma ki sani ba don ƙauna kaɗai gidajen wasa ke son tsofaffin labarai ba." Gaskiyarsa. A ƙasashe da yawa haƙƙin mallakar littafi yana ƙarewa bayan shekara 70 da rasuwar marubucin, don haka babu wanda za a biya a kan asalin labarin. Sunan da mutane suka riga suka sani kuma yana sayar da tikiti tun ba a buɗe labule ba. Sannan kowane ɗan wasa albashi ne, shi ya sa marubutan zamanin nan suka mai da ƙarancin 'yan wasa ya zama shi kansa abin dariyar. Patrick Barlow a Ingila ya ɗauki The 39 Steps, labarin leƙen asiri na 1915 wanda Hitchcock ya yi fim ɗinsa a 1935, ya ba mutum 4 matsayi fiye da 100, ɗan wasa ya sauya hula ya zama wani mutum a gaban idonka. Wasan ya ci kyautar Olivier, babbar kyautar wasannin dandamali ta Landan, a 2007, ya kuma shekara 9 ana yin sa a Landan. Ken Ludwig a Amurka lauya ne, ya daɗe yana aikin lauya yana rubutu a gefe kafin wasa ya riƙe shi, kuma a 2015 ya juya wani labarin Sherlock Holmes ya ba 'yan wasa 5 matsayi wajen 40. Irin waɗannan wasanni ke ciyar da marubuci tsawon rai, don a al'adar dandamali shi ke riƙe da mallakar rubutunsa, duk makaranta ko ƙaramar ƙungiyar da ta nemi izinin nuna shi sai ta biya kasonsa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Kate Hamill. 'Yar wasa ce da ta ga matsayin mata masu nauyi sun yi ƙaranci, ta zauna ta juya Sense and Sensibility na Jane Austen da kanta, aka nuna shi a 2014, ta kuma fito a ciki. Daga nan ta shiga sahun marubutan da aka fi nuna wasanninsu a Amurka. Akwai kuma masu ɗaukar tsohon labari don su faɗi abin da ke da wuyar faɗa kai tsaye, kamar Femi Osofisan na Najeriya da ya ɗauki wasan Gogol, marubucin Rasha, na 1836, na baƙon da jami'an gari masu cin hanci suka zaci sufeton gwamnati ne, ya mai da shi Who's Afraid of Solarin?. Hanyoyin shiga sana'ar sun bambanta, amma ban ga wanda ya shige ta ba tare da ya daɗe yana sauraren 'yan kallo ba.

Bayan hutu muka karanta fitowar da nake ganin ita ce zuciyar wasan. An sace tukunya, tsohon yana kuka, sai ga saurayin da ya yi wa 'yarsa ciki ya zo neman gafara. Saurayin yana maganar yarinya, tsohon yana jin maganar tukunya, kowa na amsa wa ɗan'uwansa daidai, babu wanda ya fahimci wani. Molière ma ya riƙe wannan fitowa. Amma a nan ne tsohon labari ke nuna tsufansa, domin a wurin Plautus da ƙarfi saurayin ya auka wa yarinyar, kuma ita ko fitowa dandamali ba ta yi, muryarta kawai ake ji daga cikin gida. Ba zan iya sa mutane su yi dariya a kan haka ba, ba na kuma so. Na mai da shi alkawarin aure ne suka ƙulla a ɓoye, na fito da yarinyar ta tsaya tana sauraren mahaifinta yana kukan tukunya alhali ita ake magana. Da wadda ke fitowa a matsayinta ta karanta layinta na farko, an yi dariya, sannan aka yi tsit. Malam ya dube ni ya gyaɗa kai.

Saura babban aiki. Ƙarshen wasan Plautus ya ɓata, rubutun da ya iso gare mu ya yanke ana tsakiyar rigima. Taƙaitattun bayanan mutanen dā sun nuna tsohon ya sallama zinariyar ga 'yarsa da mijinta. Molière bai yarda da wannan tuba ba, nasa marowacin har aka rufe labule akwatin kuɗinsa yake marmarin gani. Malam yana tare da Molière, ya ce mai rowa ba ya sauya hali a fitowa ɗaya. Baba kuwa ya ce, "'Yata, ki bar tsohon nan ya yi barci. Tun farkon wasa bai runtsa ba." Ni ina ganin tsohon Plautus ba marowaci ba ne tun asali, talaka ne da dukiya ta faɗo wa ta firgita shi, don haka zai iya rabuwa da ita, ba don ya zama mai kyauta ba, sai don ya gaji. Haka zan rubuta: ya miƙa tukunyar, ya karɓe, ya sake miƙawa, ya roƙi a bar masa murfin.

Malam ya amince in kawo shi ranar Asabar mu gwada a ƙafa, in bai tashi ba mu koma ga nasa ra'ayin. Ya kuma ce in rage shafi 2 daga fitowar mai dafa abinci, wai tana jan wasan baya. Gobe da safe da ita zan fara.